Ƙullin da Na Bi Har Kwaryar Teku

Da sunan Allah mai iska da ruwa, mai sakin su idan ya so, mai kama linzaminsu idan ya so. Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai kaɗi ta ajiye mazari, mai saƙa ya ajiye ƙoshiya. Ni ce Marka 'yar Nomau, mutuniyar Rafin Kanwa, wadda ta girma ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba, sai ga shi ta ci damina guda a tsakiyar teku. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, abin da na ji a bakin mutane kuwa zan ce ji na yi.

Maigidana matufkin igiya ne. Sunansa kada ku tambaye ni, domin a garinmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Yana da wani ƙulli nasa na kansa, lanƙwasa uku da ɗan kunne a gefe kamar na zomo. Idan ya ƙulla shi, ko raƙuma biyu ne suka ja, sai dai igiyar ta tsinke. Mutum biyu kaɗai suka san yadda ake kwance shi, shi da ni. Ya koya mini ne lokacin da yake zuwa gidanmu gyaran igiyar guga. Sau goma sha ɗaya ya gyara igiyar nan alhali lafiyarta lau, har babana ya ce masa, “Yaro, ka fito fili. Rijiyar kake so, ko mai ɗiban ruwan?”

Shekara biyu da aurenmu kanwa ta taso a fadamar garinmu. Ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari, shinkafa ta riƙa tsirowa tana ƙonewa, mutane suka fara ɗaure kaya suna ƙaura. Sai wani bafatake ya ba da labarin cewa can kudu, a Kwaryar Teku, akwai shinkafar da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Maigida ya ce zai je ya samo irinta, ya dawo kafin ruwan farko. Ranar tafiyarsa ya ɗaura mini 'yar igiyar rama a wuyan hannu da ƙullin nan nasa.

Ruwan farko ya sauka, na ƙarshe ya ɗauke, wata shekara ta kewayo, shiru. Na durƙusa gaban Inna, mahaifiyarsa, na ce zan bi sawu. Ta dube ni ta ce, “Je ki, 'yata. Idan kin same shi, ki jawo mini shi da kunne.”

Kwana arba'in na yi tare da fatake. Muka ratsa ƙasar da mutane ke gina ɗakuna a kan itatuwa, muka wuce kogin da ke gudu gabas da safe ya koma yamma da la'asar. A rana ta arba'in da ɗaya muka hau wani dutse, sai na ga sama ta kwanta a ƙasa tana numfashi. Ashe tekun ke nan. Duwatsu sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya, tsibirai kuwa a warwatse a ciki kamar an watsa tsaba.

A bakin gaɓa duk jirage an jawo su tudu, sai kwalekwale guda da wata tsohuwa ke shafa wa kitse. Sunanta Iya Tabawa. Haƙorinta ɗaya ne a gaba, da shi take ɓantarar goro. Na gaishe ta, na ce mijina nake nema.

“Sunansa?”

Na sunkuyar da kai.

“Au, bebiya ce ke daga nan zuwa can? Na ce sunansa.”

“Iya, a garinmu ba ma faɗa.”

Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. “To, 'yar tudu, a tekun nan mai tsibiri ɗari za ki nemi mutum da sunkuyar da kai?”

Sai na miƙa mata hannuna. Ta dubi igiyar, ta daina dariya, ta ja ni zuwa bayan jirginta, ta nuna mini inda aka ɗaure matuƙi, wato itacen da ake juya jirgi da shi. Lanƙwasa uku da kunnen zomo.

“Wannan ɗan nema! Wata goma sha huɗu ina fama da ƙullin nan, har wuƙa ta dakushe. Dogo ne, mai shiru, kullum yana kallon arewa kamar ya bar tuwo a kan wuta?”

Na ce shi ne. Na sa yatsa na murɗa kunnen zomon baya, na ja ta ƙasa, ƙulli ya saki. Iya ta riƙe baki. Ta ce ita ta kai shi tsibirin Kasko bara. Ta ce amma na zo a mugun lokaci, domin ruwan Kwarya ya yi ɗumi kamar tukunya a murhu, kuma idan ya yi ɗumi haihuwa yake yi.

“Guguwa bakwai yake haifa duk shekara,” in ji ta, tana lissafi da yatsu. “Mai Sallama ta riga ta wuce. Saura Mai Tsintsiya, da Kurma, da Tagwaye, da Gambo, sai Auta. Auta kuwa kin san halin auta, abin da ta ga dama shi take yi. Ni kaɗai ke yawo tsakaninsu, ina kai wa mutane magani da labari. Kin iya kwashe ruwa da ƙoƙo?”

“Na iya.”

“Kin iya amai waje ba cikin jirgi ba?”

“Zan koya.”

“Shigo.”

Kwana uku muka yi kafin Kasko. Ranar da muka isa, tsuntsayen teku suna ta gudu zuwa tudu, raƙuman ruwa suna zuwa dogaye a hankali, sama ta yi launin tagulla. A garinmu idan hadari ya taso, kowa igiya yake nema, a ɗaure jinka, a ɗaure danga, a ɗaure akuya. A Kasko sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Maza sun hau ɗakuna suna kwance jinka, suna sauke ta ƙasa, suna danne ta da duwatsu. Mata suna kwance shanya da dangogi suna shimfiɗewa. Ana yi ana waƙa, ana cewa, “Mai Tsintsiya, sannu da zuwa, share ki wuce.” Gari guda ya kwanta kamar raƙumin da aka gurfanar.

Ban gama mamaki ba sai na ga Iya Tabawa tana loda duwatsu cikin kwalekwalenmu, ruwa yana shiga. Na ruga na rungume gefen jirgin ina kuka.

“Iya, hankalinki ɗaya? Da me za mu nemo Maigida?”

“Sakar mini jirgi, 'yar tudu. Abin da ya miƙe tsaye shi iska ke gani. Can ƙasa ko gezau ruwa ba ya yi.”

Jirgi ya nutse ina kallo. Muka shiga wani kogo tare da mutanen gari, Mai Tsintsiya ta yini tana shara. Da muka fito, na ga kifi a rassan itatuwa, na ga gonakin rogo sun zama taɓo, ayaba duk ta kwanta. Amma kafin rana ta yi tsaka washegari an ɗora jinkoki, an kwashe duwatsu daga jirage sun taso lafiya lau, rijiyoyi kuma sun cika da ruwan daɗi. Ɗaki ɗaya ne kawai ya salwanta a garin, na wani masunci mai suna Jatau. Na same shi tsaye a filin da ɗakinsa yake dā, yana kallon sama. Na bi idonsa, sai ga ɗakin can a kan bishiyar kwakwa, jinka da ginshiƙai da komai.

“Wani baƙo ne na ba masauki bara,” in ji Jatau. “Mutumin kirki. Da zai tafi ya ce bari ya saka mini da alheri, ya ɗaure mini jinka. Jiya mu shida muka taru a kan ƙullinsa, ya ƙi. To ga shi, gaskiyarsa, bai kwance ba.”

Kunya ta kama ni, na ce masa mijina ne. Jatau ya yi dariya ya ce in na same shi in gaishe shi, in ce masa ɗaki ya yi tsawo. Ya ce tsibirin Duma ya nufa.

A Duma na ga abin al'ajabi. Duman ƙasar yana yaɗo a kan duwatsu, goransa kuwa kowanne ya kai girman rumbu. Mutanen suna fafe shi, su yi masa murfi, su zuba yashi a gindinsa don kada ya kife, su shafe shi da kakin zuma. Idan ruwa ya ci gari, iyali su shiga su rufe, teku ya yi ta wasa da su har ya gaji. Can ma na ga sawun Maigida. Rijiyar garin tana tsakiyar wani fili, kuma igiyar gugarta tufkarsa ce, na gane ta tun daga nesa kamar yadda ake gane tafiyar mutum.

A nan Kurma ta same mu. Suna ce mata haka don ba ta jin magiya. Muna cikin wani kogo tun hantsi, iska tana kuka kamar shanu dubu, sai wajen azahar kwatsam ta yi tsit. Rana ta leƙo ta bakin kogo. Mutane suna zaune ba wanda ya motsa, Iya Tabawa ma gyangyaɗi take yi. Na ce a raina an gama, bari in je in taɓa igiyar nan ko zuciyata ta yi sanyi. Na sulale na fita.

Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba. Gajimare sun tsaya kewaye da tsibirin kamar bangon rijiya, tun daga ruwa har inda ido ya gaza, can sama kuma shuɗi tas. Tsuntsaye ɗaruruwa da guguwar ta kamo daga wasu ƙasashe sun zube a fili suna haki, masu ja, masu kore, ko gudun mutum ba sa yi. Na tsallake su har bakin rijiya, na kama igiyar na manna ta a kumatuna. Sai na ji muryar Iya daga nesa.

“'Yar tudu! Cibiyarta ce! Ba ta wuce ba!”

Na waiga, na ga bangon gajimaren yana tahowa, yana tuge itatuwa kamar ana cire ciyawa. Kogo ya yi nisa. Ban san lokacin da na naɗe igiyar a ƙuguna ba, na yi ƙullin da aka koya mini, na zura ƙafa cikin rijiya na sauka. Dama tun zuwansa garin Maigida ya ɗaure ɗaya bakin igiyar a jikin wani dutse da ke binne a ƙasa. Ina rataye a ciki, iska ta dawo ta wancan gefen da ƙarfin da ya fi na farko, rassa da duwatsu suna wucewa ta saman kaina, igiyar ko motsi. Da la'asar sakaliya aka jawo ni kamar guga.

Iya Tabawa ta fara duba ni ko na karye, da ta ga lafiya nake ta ɗirka mini duka a baya, sannan ta rungume ni tana hawaye. “Ke da mijinki Allah ne ya haɗa ku. Ɗaya ba ya kwancewa, ɗaya ba ta zama.”

Tagwaye suka zo a jere, kwana biyu tsakaninsu. Mu sun ɗan shafe mu ne, amma tsibiran yamma sun sha wuya. Na farko ya jiƙa ƙasa, na biyu ya zo ya kwashe ta. Kwana da kwanaki goruna suna isowa Duma ɗauke da mutane, wasu da jarirai, wasu da akuya, wasu an buɗe an tarar da mutum ɗaya yana kiran sunayen waɗanda ba su samu shiga ba. Mutanen Duma ba sa tambayar baƙo daga ina, kunu suke fara miƙa masa. Ni ma na ɗaura ɗamara, ina daka, ina dama kunu, ina nuna wa kowane baƙo wuyan hannuna.

Bayan Gambo ta wuce, jiragen mutanen Faifai suka iso. Wata mata a cikinsu ta ga igiyar, ta ce, “Ke ce matar Dogo?” Ta ba ni labari. Faifai tsibiri ne shimfiɗaɗɗe kamar sunansa, ba dutse ba tudu, sai wata ƙatuwar bishiya guda. Can shinkafar gishiri take. Al'adarsu ba sa sayar da iri, cikin tafi ɗaya suke ba baƙo, ya shuka da hannunsa ya tara nasa. Shukar Maigida ta bara ƙaguwa suka cinye, ya ce ba zai koma gida hannu rabbana ba. Bana ta yi kyau, amma ya makara, sai yanzu take nuna. Su kuwa sun girbe sun taso, domin idan Auta ta zo teku rufe Faifai yake yi ruf.

“Mun yi masa magiya har mun gaji,” in ji matar. “Ya ce zai ɗaure kansa da shinkafarsa a kan bishiya.”

Na tuna ɗakin Jatau. Na tafi wajen Iya Tabawa. Kafin in buɗe baki ta ce, “A'a.” Na zauna kusa da ita, na ɗauki ƙoƙon kwashe ruwa ina gogewa. Can ta tofar da goro ta ce, “Zan kai ki, amma ba zan tsaya ba. Ban kai shekarun nan don ina wasa da Auta ba.” Mutanen Duma suka ba ni gora guda da dunƙulen kaki, da ruwa da ƙuli-ƙulin kwakwa. Muka ɗaura goran a bayan jirgi muka kama hanya.

Mun isa Faifai da hantsi, sama ta riga ta fara launin tagulla. Iya ta sauke ni da goran, ta ce duk abin da ke yawo a kan ruwan Kwarya, ƙarshensa wani lungu ne a gindin duwatsun gabas, can za ta neme mu. Ta kama kaina ta tofa mini addu'a, ta juya jirgi.

Na hango shi a cikin shinkafa, ya sunkuya da lauje. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Na yi sallama. Ya ɗago, lauje ya faɗi cikin ruwa.

“Marka? Wa ya bar ki kika fito?”

“Inna ce ta ce in jawo ka da kunne.”

Ya tako a hankali kamar mai tsoron kada in watse. Ya kama hannuna, ya dubi 'yar igiyar da ta yi baƙi don daɗewa, ya ce, “Ba ki kwance ba.” Na ce, “Ban ga dalili ba.” Iyakar abin da muka ce ke nan, amma ya ishe mu.

Muka ƙarasa girbi tare, muka sussuke, iri ya cika tulu huɗu. Sai ya kai ni gindin bishiyar yana nuna mini aikinsa da alfahari, igiyoyi sun naɗe rassa kamar saƙar gizo, ga mazaunin tuluna, ga nasa.

Na ce, “Maigida, Jatau na Kasko yana gaishe ka. Ya ce ɗakinsa yana kan kwakwa.”

“Ƙullin ya kwance?”

“Bai kwance ba. Shi ya sa.”

Na ba shi labarin jinkoki da jiragen da ake nutsarwa. Na ce mu liƙe bakin tuluna da kaki, mu sauke su ƙarƙashin ruwa, ya ɗaure su a jikin wani dutsen murjani da ke can ƙasan teku, mu kuma mu shiga gora. Ya dube ni kamar na ce ya jefa ɗansa a rijiya.

“Shekara biyu ina wahala, ki ce in zuba a teku? Bishiyar nan ta fi kakan kakana shekaru.”

“Dubi saiwarta, gishiri ya cinye rabi. Iya Tabawa ta ce bana Auta da ƙiba za ta zo.”

“Wannan tsohuwar da ba ta iya ɗaure matuƙi ba?”

Muka yi ta ja har iska ta fara kaɗa shinkafar da ta zube. Daga ƙarshe ya ce saboda tafiyar da na sha, zai ba ni tulu biyu. Ya nutsa da su, don ya koyi iyo a zamansa, ya ɗaure su can ƙasa. Biyun kuwa ya hau da su bishiya. Ya sa ni cikin gora, ya ɗaure goran a gindin bishiyar, ya ce in rufe, shi zai zauna da irinsa.

Auta ta iso bayan azahar. Ban rufe murfin duka ba, ina leƙe. Na ga teku ya miƙe tsaye ya tako cikin gonaki. Ruwa ya ɗaga goran, igiyar ta riƙe shi, ya riƙa bugun bishiya kamar ana kaɗa ganga, har na ji ya fara tsagewa ta sama. Bishiyar kanta ta fara karkata, saiwoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya ɗaga ni har na kusa reshen da yake. Ya ɗaure ƙirjinsa da reshe, ya rungume tulunan, ya runtse ido.

“Maigida! Sauko!”

Bai motsa ba.

“Maigida, don Allah!”

Ya girgiza kai, ya ƙara ƙanƙame tulu. Ya ji ni sarai, taurin kai ne irin na matufka. Bishiya ta yi wata ƙara. Sai na fito rabin jiki daga gora, na cika ƙirjina da iska, na yi abin da uwata ba ta taɓa yi ba, kakata ma ba ta yi ba.

“Shekarau!”

Ya buɗe ido. Hannuwansa suka saki, tulu ɗaya ya faɗa ruwa bai ko kalle shi ba. A tsakiyar wannan tashin hankali, ruwa yana dukan fuskarsa, mutumin nan sai ya ce, “Me kika ce?”

Na ƙara leƙowa daga goran. Na miƙa hannu na laluba kunnen zomo a ƙirjinsa, na murɗa baya, na ja ta ƙasa. Na kama shi, wallahi da kunne na kama shi, don shi hannuna ya samu, na jawo shi ya faɗo cikin gora da ka. Na kwance igiyar goran, na ja murfi, na cusa sauran kakin a tsagar. Muna jin lokacin da bishiyar ta tafi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Mun juya kamar tsakuwa a cikin caki, goshinsa ya san goshina. Can sai komai ya yi tsit, haske ya shigo ta tsagar. Ya ce, “Alhamdu lillahi, ta wuce,” ya kai hannu ga murfi. Na zauna a kan hannun.

“Cibiyarta ce. Zauna.”

“Wa ya koya miki duk wannan?”

“Rijiyar Duma. Igiyarka ce ta riƙe ni.”

Ya bar hannun a inda yake har Auta ta dawo ta gama abin da za ta yi.

Kwana biyu teku yana yawo da mu. A na uku muka ji ana ƙwanƙwasa gora da sanda, wata murya tana cewa, “Masu gida, a nune ko ɗanye?” Na ɗaga murfi, ga haƙori ɗaya yana mini murmushi. Iya Tabawa ta leƙa ta dubi Maigida sama da ƙasa, ta ce, “Wannan ne? Duk wahalar nan a kan wannan?” Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya ga matuƙinta yana lilo, ko ya gyara mata. Ta ɗaga sanda ta ce ya kuskura.

Muka koma Faifai. Ba gona, ba bishiya, ko ramin saiwarta yashi ya cike. Maigida ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya tuɓe riga ya faɗa ruwa wajen dutsen murjani. Na ƙirga numfashina har ashirin, har talatin. Sai ga shi ya ɓullo yana tari, ya ce, “Marka, zo ki riƙe mini igiya.” Muka ja tare, tuluna biyu suka taso, kaki bai ko tsage ba. Ya fasa bakin ɗaya, ya zura hannu, ya fito da iri busasshe yana zuba tsakanin yatsunsa. Ya zauna a yashi ya rufe fuska da hannu. Ni da Iya muka juya muna kallon teku har ya gama.

Mun tsaya a Kasko ya taya Jatau gina sabon ɗaki, Jatau yana tsaye a kansa kada ya taɓa jinka. Iya Tabawa ta raka mu har gaɓar da na fara ganinta. Na kwance 'yar igiyar hannuna na ɗaura mata, na nuna mata sirrin kunnen zomo, muka zama mu uku a duniya.

Da muka isa Rafin Kanwa, Inna ta dubi kunnen ɗanta na hagu, wanda har yau ya ɗan fi na dama tsawo, ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin cika aike.” Muka raba iri cikin tafi ɗaya ɗaya ga kowane gida. Damina ta biyu fadama ta yi kore shar a kan farar ƙasa, waɗanda suka yi ƙaura suka fara dawowa da jakunansu.

Har yanzu idan hadari ya haɗo daga gabas, Maigida yakan ajiye tufka ya zo ya zauna kusa da ni a ƙofar ɗaki. Ya yi ta gyaran murya, can ya ce, “Marka, ranar nan a kan bishiya, iska ta yi yawa, ban ji da kyau ba. Me kika ce?”

Ni kuma in ce, “Sai Auta ta zo Rafin Kanwa.”

Ku ma kun ji shi sau ɗaya, kada ku ƙara tambaya. Nan igiyar labarina ta ƙare, na ƙulle bakinta. Allah ya kai kowane matafiyi gida, ya sa ya tarar da mai jiransa.